Ƙofar Sadisu Mai Fenti

Sadisu mai fenti maƙwabcina ne a Kurudu, shekara goma sha bakwai. Mutum ne da ba ya iya wuce tsagar bango bai kai mata yatsa ba. Da wannan ya yi suna wurin 'yan kwangila, da sunan yake ci da 'ya'ya biyar. Ƙofar ɗakinsa kuwa, ta katako da ya gada wurin ubansa, rana ta ci rabonta, ruwa ya ci nasa, bai taɓa samun sukunin waiwayarta ba.

Bara Madam Prudence, mai sabon gidan abinci a Utako, ta dawo daga wani tsohon birnin Turai da hotunan bangaye duk sun dare kamar dugadugin mai faso. Wai haka take son gidanta. Har tsohuwar ƙofa ta sayo, fentinta duk ya ɓare, aka kawo ta a naɗe kamar jaririya.

Fentin silin gidan abincin kaɗai aka ba Sadisu. Ranar Asabar ya gama da wuri, ga ragowar fenti, ga ƙofa tana kallonsa. Ya ce an cuci baiwar Allah, an sayar mata da kwance. Ya kankare, ya cike ramuka, ya shafa mai sheƙi hannu uku, sannan ya tsaya jiran a sa masa albarka.

Madam ta ce, "Oga Sadisu, shekara ɗari uku ka kankare. Wa ya aike ka?"

"Madam, ai kyauta na yi miki."

Washegari ta biyo shi gida da ƙarti biyu, ina bakin kaskona ina tuya. Ta buɗe baki za ta wanke shi, sai idonta ya faɗa kan ƙofar ɗakin. Ta matsa, ta shafa.

"Ku cire min wannan."

"Madam, ta babana ce."

"Wadda ka ɓata ma ta baban wani ce."

Da sukudirebansa aka kwance ta.

Labari ya zaga wurin 'yan kwangila, yanzu ko katangar makewayi ba mai ba shi. Ƙofar tana Utako, masu kuɗi suna jingina da ita ana ɗaukarsu hoto. Shi kuma ya rataya buhun siminti.

Jiya ya zo ɗibar wuta, ya ce, "Iya, laifin me na yi?"

Na ce, "Gwaninta. Ka dai kula da buhun nan, kada ka bari ya tsufa, Madam ta san hanya."