Gishirin Inna a Ma'aunin Zinariya

Na daɗe ina jinkirin rubuta wannan, don karatuna bai wuce firamare ba, kuma ina gudun a ce na mai da ƙaramin abu babba. Amma ranar da na kai gishiri wurin maƙerin zinariya ba za ta taɓa fita daga raina ba.

A shekarar ne likita ya ce mahaifiyata tana da hawan jini. Ya ce kada gishirinta ya wuce giram biyar a yini, wato kusan ƙaramin cokalin shayi, a shafe bakinsa. Sai na ware wa Inna tukunyarta, kullum da safe in auna cokali ɗaya na gishirin leda mai laushi, in raba shi har dare.

Da damina kawuna ya kawo mana tsarabar gishiri daga garin Bengu, mai manyan ƙwayoyi. Inna ta ce ita dai da shi ta tashi, shi za a riƙa sa mata. Na ci gaba da auna cokali ɗaya kamar da.

Bayan 'yan makonni ƙafafunta suka kumbura. Ina wanke kwanoni abin ya faɗo mini: likita nauyi ya faɗa, ni kuwa cikar cokali nake bi. Ƙwayoyin nan kamar tsakuwa, ai dole su fi garin nauyi. Ke nan da hannuna nake ƙara mata ciwo? Na je na faɗa wa Inna abin da nake tsoro.

Inna ta dube ni ta ce, "Ke dai tun kina goye tsoro ke cin ki. Miyar da kike ba ni salaf, ita ce za ta kashe ni?"

Ma'aunin masu hatsi na kasuwar Gaya ba ya ko motsi da cokali ɗaya. Sai na tuna da tsohon maƙerin zinariya na unguwarmu. Na ƙulle gishirin iri biyun a bakin zane, na ɗauki cokalin, na tafi.

Ya yi dariya ya ce, "'Yata, yau gishiri ne ya zama zinariya? Awarwaro za a ƙera ko ɗan kunne?"

Na ce, "Baba, don Allah ka auna mini, ran Inna ne."

Bai ƙara wasa ba. Cokalin mai laushi ya ɗan haura giram biyar. Aka zuba na Bengu, ina rufe da ido. Ya ce, "Buɗe ki gani." Bai ma kai biyar ba. Ashe manyan ƙwayoyi ba sa zama daram a cokali, iska ce tsakaninsu. Na zauna a dandamalinsa ina hamdala.

Washegari muka koma asibiti. Likita ya ce sabon maganinta ne ke kumbura wa wasu ƙafa, ya canja shi, kumburin ya saɓe. Inna tana nan har yau, tana ta kushe miyata.

Na koyi cewa ido ba ma'auni ba ne, tsoro ma haka. Abin da ya dame ka, ɗauke shi ka kai inda za a auna. Abu ɗaya ya rage mini: gishirin da ya sha laimar damina, nauyinsa na ƙaruwa a cokali? Wanda ya sani don Allah ya sanar da ni, maƙerin ya rasu bara.