Ɗinkin Alhaji Ɗanjuma a Gaban Koriyar Mota

Har gobe ban manta da ranar da aka turo koriyar motar nan bakin garejin Sabi'u ba, tayoyinta a kwance, kashin kaji ya rufe kujerunta. A shekarun farko ne na ƙaddamar da shari'a a jiharmu, da kaka, an fara shigo da gero gida. Ku da kuke aikin fata yanzu ba ku tarar da ita ba, shi ya sa zan faɗa muku yadda aka yi.

Ni badukiya ce. A gidan dukanci aka haife ni nan Daura, da warin fata na tashi, da shi kuma na tsufa. Sabi'u ɗan ƙanena ne, shi ne maigidan garejin. A ƙarƙashinsa akwai bakanike mai inji, akwai mai walda da bugun jiki, da mai fenti, da mai haɗa wayoyin wuta. Kujeru da duk abin da fata ta shiga, wannan nawa ne. Amma ba na zama cikin maza. A gida nake, a kawo mini aiki zaure, in na gama a zo a ɗauka.

Motar ƙarama ce, kujera biyu, ba rufi, ga dogon hanci, sitiyarinta a dama irin na kafin canjin hannu. An ce don gudu aka ƙera ta. Wani Bature likitan dabbobi ne ya sayar wa Alhaji Ɗanjuma, dillalin shanu, da zai koma ƙasarsu. Da ita Alhaji ya ci kasuwar Mai'adua shekara da shekaru, har ta gaji, shi ma ya gaji, aka jingine ta bayan gida. Daga baya idanunsa suka rufe, ya daina gani. Autansa Nura, mai aiki a Kano, shi ya ce a tayar da ita, tsoho ya sake zama a cikinta tun yana da sauran kwana.

Aka yi aiki tun daga kaka har aka shiga bazara. Ni na ɗinka kujerun. Sai aka zo kan abin da suke kira dashbod, wato allon nan na gaban direba inda agogunan mota suke. Na wannan motar katako ne siriri, an lulluɓe shi da jar fatar akuya wadda rana ta tsattsage. A gefen hagu kuma akwai wani mugun ɗinki da zaren buhu, karkatacce, kamar an ɗinke bakin taiki. Ma'aikata suka ɓare fatar suka watsa a juji, aka cinna wa juji wuta. Suka cike ramukan katakon, suka goge shi sumul. Nura ya yi odar sabon rufin allon daga ƙasar waje, baƙi, mai sheƙi, an riga an huda masa gurbin kowane agogo. Aka shafa gam aka manna. Ba a neme ni ba, don babu ɗinki a ciki.

Ranar da aka kai mota gidan Alhaji ba na nan, Sabi'u ne ya ba ni labari. Aka riƙo tsoho aka zaunar da shi a kujerar direba. Ya shafa ƙofa, ya kama sitiyari, har ya fara murmushi. Sai ya miƙa hannun hagu kan allon. Hannu ya tafi, ya dawo. Ya sake tafiya, ya sake dawowa.

Ya ce, "Ina ɗinkina?"

Nura ya ce, "Baba, ai an sake fatar, waccan ta lalace."

"To a kawo mini tsohuwar."

Nura ya dubi Sabi'u. Sabi'u ya ce, "Alhaji, a yi haƙuri, an ƙone ta."

Aka tayar masa da inji ko zai gane muryarta. Ya saurara, ya ce tasa sai ta yi tari kafin ta tashi. Aka danna oda, ya ce tasa ba ta kuka irin na amarya. Ya sauko da ƙafafunsa ƙasa, ya ce, "Auta, ka sayar da motata, ka kawo mini wata don ba na gani. Da ka tambaye ni, da na ba ka kyauta."

Daga ranar nan bai ƙara yi wa Nura magana ba. In ya gaishe shi, sai ya juya fuska bango. In ya aiko da hatsi, a mayar masa. Sabi'u ya je ya yi rantsuwa, limamin unguwa ya je, duk a banza. Tsoho kuwa jiki ya yi nisa, kowa ya san abin da ake gudu: kada ya cika yana fushi da yaron.

Ana nan, sai ga Nura a zaurena, ya durƙusa, ya rame kamar wanda ya tashi daga jinya.

Ya ce, "Gwaggo, a mayar masa da fatarsa yadda take."

Na ce, "Ɗan nan, abin da wuta ta ci ba ya dawowa. Sabuwa zan iya yi."

Ya ce, "A yi ko me za a yi."

Aka kwance allon daga jikin mota aka kawo mini. Ɓare baƙin rufin nan sai da lallaɓawa, da ruwan ɗumi da bakin wuƙa, don gam ɗin ya kama, katakon kuma ba ƙwari. Na sa aka samo mini fatun akuya biyu wurin majema, jajaye, rinin karan dafi, domin fata ɗaya ba ta kai tsawon allon. Ga yadda ake yi, ku riƙe. A jiƙa fata, a miƙe ta a inuwa, a kankare gefunanta su yi siriri don su naɗu ta baya. Ba a huda gurbin agogo sai ta bushe ta zauna, in ba haka ba ramin ya goce. Na haɗa fatun biyu ta gefen hagu da zare mai kaki, ɗinkin ciki, wanda ko farce ba ya jin sa. Ban manna ba. Na ce a kai wa mai ita ya taɓa tukuna, kuma da ni za a je.

Na sa hijabina, muka tafi da hantsi, ni da Sabi'u da Nura. Aka shimfiɗa wa Alhaji buzu a zaure, ni na zauna can ta bakin ƙofar cikin gida. Muka gaisa, ya tambayi gidanmu, ashe ya san mahaifina, wanda yake yi masa kuben wuƙa. To ni ba zan miƙa wa namijin da ba muharramina ba abu hannu da hannu, shi kuma sai an kama hannunsa an ɗora kan abin. Sabi'u na riƙe da allon. Saboda haka Nura ne ya rage. Shi zai ɗauki fatar daga gabana ya kai, ya kama hannun ubansa ya ɗora. Alhaji ya san hannun wane ne. Bai janye ba, bai kuma ce masa komai ba.

Ya shinshina fatar, ya ce, "Fata kam ita ce." Ya bi ta da yatsa har ƙarshe. "Amma a gaya wa mai ɗinki ban ji komai ba."

Ina zaune ina jin sa, amma sai ya ce a gaya mini, don kada ya zama da Nura yake magana, don kuma kada ya zama ba da kowa yake ba.

Na ce, "Alhaji, yaya naka ɗinkin yake?"

A nan ya ba mu labarin. Wata shekara ana gobe jajibirin babbar salla ya sayo rago a Mai'adua, ya ɗaure shi a kujerar gefe. Suna cikin gudu ragon ya ga kansa a gilashin agogo, ya ja baya ya kai tunkuyi, ƙaho ya farke fatar. Ya tsaya gindin wata tsamiya, ya ciro basilla da zaren buhu, ya ɗinke abinsa. Tun daga nan, in yana tuƙi, can hannunsa na hagu yake hutawa.

Na ɗauki ƙyallen fata na yi ɗinkin waje mai tudu, Nura ya kai. Ya ce ya yi kyau da yawa. Na buɗa tsakanin, ya ce ya miƙe da yawa. Na karkata shi, ya ce wannan karkatar ta gangan ce. Haka muka yi ta yi, Nura na kai da komowa tsakanin ƙofa da buzu, har ƙyallayen suka taru gaban tsoho. Hannun da ya shekara yana neman daidai, ba ya iya ɓata aiki ko an roƙe shi.

Sabi'u ya matso kusa da ni ya rage murya. Ya ce, "Gwaggo, ko an dace, wannan abin a gaban mota zai zauna, duk Daura a gani a ce daga garejina ya fito."

Kunnen makaho kuwa ba ya barci. Alhaji ya ce, "Kai Sabi'u, ɗinkina ne abin kunyar? Ubanka ya shiga motar nan da ɗinkin a ciki, bai mutu ba." Ya buga hannu a buzu. "Duk kun ishe ni. A ba ni basilla."

Aka aika cikin gida aka samo basilla da zaren buhu. Na warware ɗinkina na ciki, na raba fatun biyu. Dole wani ya riƙe bakin fatar ya haɗe su yayin da ake soka, ba kuwa mai yi sai Nura. Ya durƙusa gaban ubansa, gwiwa na taɓa gwiwa. Tsoho ya lalubi gefe ya soka, ya ja zare da haƙori. Ya sake sokawa. Can sai basilla ta zame ta shige babban yatsan Nura. Yaron ya cije leɓe, bai saki fatar ba, jini ya ɗiga a kanta. Alhaji ya ji danshi a yatsunsa, ya tsaya.

Ya ce, "Na soke ka?"

Nura ya ce, "Ba komai, Baba."

"Ba komai, ba komai. Tun kana yaro ba ka iya riƙe abu ba. Matso da hannunka ƙasa, Auta. Ka ja sosai."

Nura ya ja. Hawaye na zuba, bai sa hannu ya share ba, don hannuwan duka biyu na kan aiki. Ni da Sabi'u muka dubi ƙasa. Aka gama ɗinki kafin azahar, mummuna, ya ma fi na farko muni in ji Sabi'u. Na naɗe gefuna, na manna, da ta zauna na huda gurbin agoguna, aka mayar da allon jikin mota. Tabon jinin na so in goge, ya riga ya shiga fata, sai na bar shi.

Ranar kasuwar Mai'adua aka ga koriyar mota ta fita gari, Nura na tuƙi, tsoho a gefe da rawaninsa, tafinsa a kan ɗinkin. Ko ya yarda motarsa ce, ko fushin ne ya gaji da ɗauka, ni ban sani ba, ban kuma tambaya ba. Abin da na sani, ya ci hatsin yaron, ya sa masa albarka gaban mutane, kuma damina ba ta ƙare ba aka kai shi makwancinsa.

To, ku masu tasowa, abin da na gani ke nan. Mu masu gyara, idonmu kan aibi yake sauka, hannunmu na ƙaiƙayi sai ya kawar da shi. Amma tsohon kaya ba namu ba ne, kuma wani aibin da shi mai abu yake gane abinsa. Kafin ku ɓare, ku tambayi wanda ya zauna da shi. Abin da kuka ɓare kuma ku ajiye a gefe, kada ya kusanci wuta, sai mai shi ya zo ya taɓa sabon ya ce ya karɓa.