Sharaɗin da Habu Bai Rufe Ba

Ina zaune gaban kwamfutar ƙaramin asibitinmu a wajen Gwiwa, da hantsi, aka kira ni aka ce Habu ya rasu a Kazaure. Allah ya jiƙansa. An daɗe yanzu, amma wallahi abin da zan gaya muku da ni ya faru.

Habu taubashina ne, ɗan kawuna, bai taɓa kirana da sunana ba sai Sarkin Gaggawa. Shi ya rubuta mana manhajar rigakafi: ka sa watannin yaro a akwati, idan bai kai tara ba ta faɗi allura kaza, idan ya kai ta faɗi ta ƙyanda. To, iyayenmu mata ba sa ƙirga watanni. Ka tambayi uwa, ta ce da kaka aka haife shi, ana yankan gero. Ni kuwa sai in rubuta "kaka", manhajar ta ce yaron ya wuce allura, ta ƙi fitar da katinsa. Da na gaya wa Habu, dariya ya yi har da riƙe ciki, ya ce Laraba zai zo ya gyara. Talata aka yi jana'izarsa.

Bayan sadakar uku na dawo aiki, ga ranar kasuwa ta matso, mata za su cika, kuma ba na so a mayar da yaro ko ɗaya ba allura. Bayan Azahar na buɗe rubutun manhajar yadda ya taɓa nuna mini, ina bin layi da yatsa. Na sake rubuta "kaka" don gwaji, sai saƙo ya fito:

"Sarkin Gaggawa, duba ƙasa mana. Idan ba lamba aka ba ka ba fa?"

Sai da na yi dariya kafin na tuna mun riga mun binne Habu. Na duba, lallai babu sharaɗin da zai tare abin da ba lamba ba. Na ƙara shi, ya zamana tana cewa a tambayi uwa watan da aka yi suna. Ranar kasuwa ba wanda aka mayar.

Na nemi maganar da ta fito a saƙon nan a cikin rubutun manhajar, har na kai wa wani malamin kwamfuta a Roni. Babu ita. Layi ɗaya kawai muka gani can ƙarshe, ma'anarsa: idan mai shigarwa Sarkin Gaggawa ne. Ƙarƙashinsa babu komai, Habu bai rubuta abin da za ta ce ba.

Jama'a, ku riƙa barin taubasanku su gama tsokanarsu. Layin yana nan, har yau ban cike shi ba.