Hadijatu da Sunan da Ya Ɓace a Kwamfuta

A shekarar 1991, shekarar da gwamnati ta tare a Abuja, Malam Zacharias ya fara sanin Hadijatu. Shi ne shugaban ɗakin masu buga tafireta a wata ma'aikata, mutumin Wusasa, mai guga a riga da biro a aljihu. Ita kuwa shara aka ɗauke ta, mijinta bai daɗe da rasuwa ba, ga goyo.

Wata rana ya dawo daga hutun rana da wuri, ya tarar ta jingine tsintsiya, ta ɗaga murfin tafireta, tana taɓa haruffan ɗaya-ɗaya tana leƙen yadda ƙarafan ke tashi. Da ta gan shi sai ta durƙusa.

"Tashi," in ji shi. "Ba da yatsa ɗaya ake bugawa ba. Kawo hannu biyun."

Daga ranar, duk hutun rana sai ya ci burodinsa a tsaye, ita tana kan kujerarsa tana bugu a bayan takardun da aka yar. Abin da ya fi burge shi, ba ta barin abu sai ta san dalilinsa. Me ya sa ƙararrawa ke kaɗawa a ƙarshen layi? Me ya sa ba a jera haruffan kamar na allon makaranta ba? Ta ci jarrabawa, ta zama mai buga takardu. Da kwamfuta ta zo, shi ya yi ritaya, ita ta rungume ta. Yau tana da ɗan shago a bakin kasuwar Kurudu, inda ake buga takardu da fitar da hoto, kuma layi biyu ne tsakaninta da gidansa.

Bara matarsa Janet ta rasu. Ita ce mai kwamfutar gidan, wata tsohuwar kwamfuta mai akwati a ƙarƙashin tebur, ita ce kuma mai aika wa babban ɗansu Israel imel a ƙasar waje. Tun da aka binne ta, magana tsakanin uba da ɗa ta koma gaisuwar waya: ya sanyi, ya aiki, sai an jima. Sai ga albishir an haifa wa Israel mace, za a yi mata baftisma ranar Lahadi da sunan Janet. Malam Zacharias ya tuna akwai muryar marigayiya a kwamfutar, tana rera waƙar da take lallashin yara da ita. Ya ƙudura sai jaririyar ta ji muryar kakarta kafin Lahadi.

Ya buɗe manhajar imel, ya rubuta Israel a gurbin neman suna. Babu. Ya gwada da manyan baƙaƙe, ya gwada da ƙanana. Babu. Ya sami adireshin ƙanwar yaron, Sandra, ya maƙala muryar ya aika mata don ta tura, saƙon ya tsaya cik a akwatin masu fita. Batun ya kira ɗansa ya tambaye shi adireshi kuwa, kunya ta hana: wane irin uba ne bai san inda ake rubuta wa ɗansa ba?

Ran Juma'a ya je shagon Hadijatu. Ta rufe, ta biyo shi gida.

"Oga, wannan kwamfutar ai ta girmi jikokina," in ji ta tana hure ƙurar allon haruffa. "Ta kusa karɓar fansho."

"Tana aiki sarai. Taurin kai ne da ita kawai."

"To a gidan nan ta koya."

Ta fara da saƙon da ya maƙale. Ta nuna masa nauyin fayil ɗin.

"Murya tana da nauyi?" Ya gyara tabarau. "Iska ce fa."

"A nan tana da shi. Ka ga buhun masara a ƙofar akwatin gidan waya? Ba zai shiga ba, kuma ya tare wa na bayansa hanya." Ta goge saƙon, ta mayar da muryar wani ƙaramin fayil, ta kunna masa. Muryar Janet ta cika ɗakin, ba abin da ya ragu. Ya juya yana kallon taga har waƙar ta ƙare.

Saura suna. Ita ma ta rubuta Israel, babu. Ta yi tagumi, sannan ta juyo.

"Oga, ɗan fari ne ko?"

"Ɗan fari ne. Sunan mahaifina ma ya ci."

"Kai, Oga! Ɗan fari, kuma sunan suruki? Kana zaton Mama za ta iya rubuta wannan sunan da hannunta? Ni nawa ɗan farin, a wayata Yaron Gwagwalada yake. Me take kiransa?"

Sai Malam Zacharias ya tuna. Tun haihuwar yaron bai taɓa jin sunan a bakin Janet ba, sabo ne ya sa ya daina lura.

"Mai Sunan Baba," in ji shi a hankali.

Ta matsa masa allon. Ya buga da yatsunsa goma, kamar da. Kafin ya ƙarasa, adireshin ya fito. Ta ɗora hannunsa a kan linzamin kwamfutar, ta nuna masa ƙaramar alamar da ake dannawa a maƙala fayil. Saƙon ya tafi.

"In gyara sunan ya koma Israel?" ta tambaya.

"A'a. Bar shi yadda ta bar shi."

Washegari amsa ta iso, doguwa, irin wadda yaron bai taɓa rubuta wa ubansa ba. Ya ce sun kunna wa jaririyar, ta yi barci, shi ne ya kasa. Har da hotuna a maƙale, waɗanda Malam Zacharias bai san yadda ake buɗe su ba.

Bai aika a kira ta ba. Amma da rana ta take sai ga sallamar Hadijatu, da burodi a leda. Ta ja masa kujera gaban kwamfutar, ita ta tsaya a bayansa tana ci. Haka ran Litinin, haka ran Talata. Masu kawo aiki shagonta sun riga sun saba: in hutun rana ya yi, ƙofar a rufe take.

"Oga, ba da ƙarfi ake dannawa ba," in ji ta. "Sake."