Kujerar Bappa da Wayar Intanet

Cikin duk abin da na gani a shekarun da na riƙe shagon kwamfuta a Jimeta, ranar intabiyun ƙanwata ce ba za ta taɓa fita a raina ba. 'Yar Bappana ce, ƙanin mahaifina. Wani asibiti a Abuja zai ɗauki ma'aikatan jinya, aka ce ta bidiyo za a yi hirar. A gidansu da ke Makama sai an hau katanga ake samun sabis, don haka na ce ta zo shago, kwamfutata da waya take haɗe, ba ta yankewa. Da bakina na faɗa.

Bappa ya rako ta, ba tare da kowa ya gayyace shi ba. Ya ja kujerar ƙarfe kusa da ƙofa ya zauna, carbi a hannu.

Tun muna gwaji intanet ta fara ɗaukewa tana dawowa. Na kashe rauta, akwatin da ke kawo intanet, na kunna. Na zare kan wayar na hura masa iska, abin da ba ya maganin komai amma kowa na yi. Na kira kamfanin, suka ce ta wajensu lafiya lau. Madam mai ɗinki ta maƙwabta ta leƙo ta ce, "Oga, wannan kwamfuta naka yana da aljani." Ban musa mata ba.

Aka fara hirar. Ƙanwata ta amsa tambayar farko tiryan-tiryan, sai fuskar likitan da ke mata tambayoyi ta daskare, baki a buɗe. Da hoton ya dawo, ya ce in aka sake samun haka sau da yawa za su wuce ga na gaba. Ta gyara zama. Ni kuma na zuba wa koriyar fitilar da ke bayan kwamfutar ido.

Ta sake ba da amsa mai kyau. Bappa ya ce "Masha Allah," ya jingina baya don jin daɗi. Fitila ta mutu. Ya dawo gaba, ta kama. Ashe wayar ta bi ta ƙarƙashin ledar ƙasa, ƙafar kujerarsa ta baya tana kanta daram. Duk amsar da ta burge shi, ita ke yanke layin.

A gidanmu ba a ce wa babba tashi. Na ce, "Bappa, ga kujera mai laushi can gaban fanka."

Ya ce, "Nan ma lafiya lau."

Sai na durƙusa a gabansa, na yi ƙasa da murya na ce, "Bappa, wai yaya kakanmu ya shigo Yola da shanunsa?" Ya sunkuyo don kada ya dami masu hira, ya fara tun daga rafin farko. Bai sake jingina ba. Ƙafafuna suka sage, amma layin ya tsaya har aka yi sallama.

Ta samu aikin. Har yau Bappa na cewa addu'arsa ce, kuma a duk 'ya'yan gidan ni kaɗai na damu da asali.

Tun ranar na koyi cewa in abu ya lalace, in fara duba ƙarƙashin ƙafar mutanen ɗakin kafin in zagi na nesa. In kuwa babba ne ya taka, to a nemi labarin da zai so bayarwa.