Askin Sunan Safiyya

"Sani, miƙo min amaryar," in ji Baba Wanzami ranar suna, yana buɗe zabirarsa a zaurenmu na Kiru.

Ashe ba wanda ya gaya masa. Na ce, "Baba, Safiyya tana asibiti a Kano, cikin kwalba. Da rami a zuciya aka haife ta."

Ya mayar da askarsa cikin zabira. "To, kar kowa ya taɓa gashin nan. Ni na aske ka, ni zan aske ta."

Ban sani ba ko za mu ga ranar. Amma yanzu in na tsaya bayan gilashi, gashinta nake kallo, ba na'urori ba. Har ya fara taɓa kunnenta.

Ku sa ta a addu'a. Waɗanda suka taɓa irin wannan jira, yaya kuka yi?