Kara Mai Tsaga Huɗu

Jiya na ga jikata tana tsaga karan gero da wuƙa, sai mushenmu, wato malaminmu na lakwal, makarantar boko ta Magaria, ya faɗo mini a rai.

Zamanin Nasara ne. Kowane ɗalibi mushe ya ba shi guntun kara. In ka karanta kalmar Faransanci daidai, sai ya yi maka tsaga ɗaya da askarsa. Ƙa'idarsa tsaga goma kafin Asabar.

Wata Asabar Baturen makaranta ya shigo aji da dorina, ya ce duk tsagar da babu, bulala ɗaya ce. Nawa karan tsaga huɗu ne, don zazzaɓi ya kwantar da ni a satin. Baturen ya fizgo ni ta kunne, ya zabga mini ɗaya a baya, rigata ta yage, fitsari ya bi ƙafata. Da ya ɗaga ta biyu, sai mushe ya tara hannunsa. Fatar ta dare, jini ya ɗiga a kan allona.

Mushe bai janye hannun ba. Ya ce, "Ni na yanka goman nan, ni na kasa kai yaron gare ta. Sauran a jikina za ka cika su."

Baturen ya cika su kuwa, muna ƙirgawa muna kuka.

Asabar ta gaba na karanta goma cif, mushe ya tsaga su da hannu ɗaure da tsumma.

Ya Allah, ranar da za a ƙirga nasa, in bai kai ba, ka cika masa da rahamarka.